Jita Ba Ta da Gado: Tarihin Koyon Ta a Ɓangarori Biyu na Iyaka

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua take ci. Kafin hantsi ya ɗaga, kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki, da yawansu an koro su ne daga Jamhuriyar Nijar ta Kwangwalam da wasu hanyoyin da ba su san shingen kwastan ba, kuma kafin magariba an loda su a manyan motoci sun nufi Kudu. Dabbobi da hatsi su ne abin da hukuma take lissafawa. Amma akwai wani kaya da ya daɗe yana ƙetare wannan iyaka ba tare da ya shiga takardar kowa ba, shi ne kiɗa. Da can a kaset yake tafiya, daga baya ya koma katin waya, yau kuwa ta intanet. Wanda ya kasa kunne zai ji bambanci tsakanin abin da ke haurawa da abin da ke gangarowa. Waƙoƙin da ke fitowa daga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, fiyano da kwamfuta ne ƙashin bayansu. A cikin waɗanda ke zuwa daga Agadas da Tawa da Yamai kuwa, sau da yawa jita ce ke jan ragama.

Saurayin da wannan amo ya shiga ransa a Mai'adua ko Zango ko Sandamu, har ya ƙudura zai koya, zai ci karo da matsalar da ta wuce ta kuɗin sayen jitar. A garinsu zai iya nuna gidan maƙera da gidan wanzamai da gidan makaɗan kalangu, ya san wanda ya gaji wa tun daga kakanni. Gidan masu jita fa? Babu shi a cikin tsarin da aka gada. Jita ta haura shekara ɗari tana yawo a Afirka ta Yamma, amma a ƙasar Hausa duk wanda ya ɗauke ta ɗan haye ne. Wannan rashin gado shi ya tsayar da ita a bakin ƙofa a ɓangaren Najeriya, kuma shi ne dai ya share mata hanya a ɓangaren Nijar.

A tsarin Hausawa na dā, kiɗa sana'a ce kamar jima ko saƙa, kuma kusan kowane abin kiɗa yana da mutanen da yake yi wa aiki. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta da 'yan bori, tambari da kakaki kuwa ba a taɓa su sai domin sarki. M. G. Smith, masanin nan ɗan Jamaika da ya yi bincike a Zazzau, ya kuma wallafa littafi sukutum a kan tarihin sarautar Daura a 1978, ya lura cewa Hausawa suna bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, suna kuma fifita ta farkon. Ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, bayan aikin da suka yi a Zariya da Katsina, cike yake da sunayen kiɗe-kiɗen da aka jingina wa sana'o'i da sarautu.

Ɗan makaɗi ba ya iya tuna ranar da ya fara koyo. Yana goye ake ɗaure kalangu a zaurensu. Da ya tasa sai ya ɗauki kaya ya bi uban zuwa gidan biki, a miƙa masa ƙaramar ganga ya riƙe kari guda, ya yi ta maimaita shi watanni har ya zauna masa a hannu. Ba a ce masa ga darasi na ɗaya ga na biyu. In ya kuskure, harara ce ko ɗan ƙwanƙwasa da gula. Abin da yake kwasa a wannan bi ya wuce motsin hannu nesa ba kusa ba: yana haddace taken kowane gida da kirarin kowane basarake, yana gane wanda ake wasawa da wanda ake yi wa zambo, kuma ranar da uban ya kwanta dama, iyayen gidan uban sun zama nasa. Makaranta da kasuwa a haɗe suke zuwa masa.

Ko a wancan tsari akwai masu kutsawa. Alhaji Mamman Shata, wanda kabarinsa yake Daura tun rasuwarsa a watan Yunin 1999 saboda amincin da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ba ɗan gado ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Sai dai lokacin da Shata ya kutsa, gida ya tarar a gine. Akwai makaɗan kalangu da suka san aikinsu, akwai dandali da masu kyauta, akwai jama'ar da kunnensu ya san amon tun suna yara. Ɗan haye ne a sana'ar da take da gado, abin da mai jita bai taɓa samu ba.

Kayan kiɗa masu tsirkiya su ne suka fi kusa da jita a ƙira, kuma su ne suka fi shan tsangwama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da malaman zamaninsa sun yi rubuce-rubuce a kan hukuncin kiɗa, waɗanda Veit Erlmann ya tattara ya yi nazarinsu a littafin da ya fitar a 1986. An yi sassauci ga gangar yaƙi da wasu kiɗe-kiɗen aure, amma masu tsirkiya sun sami hukunci mai tsauri, bisa ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin malaman fiƙihu. Daɗin daɗawa, goge da garaya su ne muryar bori. A ƙasashen da jihadi ya ci, bori ya ja da baya zuwa bayan fage da gidajen mata masu zaman kansu, goge kuma ya bi shi can. A Maraɗi da Tsibirin Gobir, inda sarakunan da aka kora suka kafa sababbin birane, bori ya ci gaba da zama a fili, har da sarautar mace mai kula da shi a fada. Wannan bambanci bai mutu ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa kunnen ɓangarorin biyu bai karɓi tsirkiya daidai wa daida ba.

Duk da haka ƙarni na 20 ya fitar da gwanayen tsirkiya da rediyo ya kai su ko'ina: Garba Supa da goge, Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da kukuma, Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, sai Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Labarin Ɗan Maraya ya cancanci a tsaya a kansa. Sunansa Adamu, an haife shi a 1946, iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Yana yaro ya ga masu kuntigi a wata tafiya, ya dawo ya haɗa nasa da hannunsa. Kuntigi kuwa ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya guda. Da wannan ya zagaya ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a watan Yunin 2015. Ga wanda ba shi da uban da zai gadar masa da abin kiɗa, darasin farko shi ne ƙera shi. Za a sake cin karo da wannan darasi a tarihin jita, sau da yawa.

Ita kanta jitar doguwar hanya ta biyo. Danginta sun daɗe a ƙasar Andalus, inda udun Larabawa ya yi zamani tun bayan da mawaƙin nan Ziryab ya isa birnin Ƙurɗuba a shekara ta 822. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta tsaya a kan tsirkiya shida, kuma wani kafinta ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, shi ya ba ta girma da siffar da aka sani yau a tsakiyar ƙarni na 19. Ta ruwa ta shigo Afirka ta Yamma. Matuƙan jirgi 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, waɗanda suke aiki a jiragen Turawa daga Firitawun har zuwa Kwango, su suka yaɗa ta a tasoshin gaɓar teku, tare da salon kaɗa ta da yatsu biyu, babban yatsa da manuni. A 1928 Kwame Asare na Gwalkwas da abokan kiɗansa biyu suka je Landan aka ɗauki kiɗansu a faifan garmaho, daga nan salon ya zama harsashin kiɗan hayilayif. A Benin ta Najeriya, Victor Uwaifo, wanda daga baya ya yi suna da waƙar Joromi a 1965, da hannunsa ya ƙera jitarsa ta farko yana yaro.

Arewa kuwa a jirgin ƙasa ta zo mata. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da ma'aikata daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo, Turawan mulki kuma suka ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa. A can jita ta sauka: a coci, a otal, a barikin soja da na 'yan sanda, a makarantun mishan. Mulkin Ingila ya bar sarakuna a kan gadonsu tare da makaɗansu, ya kuma taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, saboda haka ganuwar da ta raba birni da Sabon Gari ta raba kiɗan ma. Ga mutumin birni, jita ta haɗa laifi biyu: ga ta da tsirkiya kamar goge, ga ta kuma ta fito daga inda ake sayar da giya. Shahararren mai kiɗan zamani da harshen Hausa a wancan zamani, Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ɗan limamin coci ne Bahaushe daga Zariya, kuma ta hanyar makaranta da coci ya sami kiɗan. Wannan hanya ba ta bi ta Daura ba, balle ƙauyukanta.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba: masu tsirkiyar gargajiya ba su ga abin da jita za ta ƙara musu ba. Lokacin da finafinan Indiya suka mamaye gidajen silima na Arewa daga shekarun 1960, Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin waƙoƙinsu ya zuba a gogensa, ya sa musu kalmomin Hausa, jama'a suka karɓa. Tsirkiya guda ta ɗauki baƙon kari ba tare da ta nemi taimakon shida ba.

A nan ya kamata a dubi abin da hannun ɗan koyo yake fuskanta, domin rabin labarin a yatsu yake. Jita tana da tsirkiya shida, daga mai kauri a sama zuwa siririya a ƙasa, kowace da sautin da ake ɗaure ta a kai. An gindaya siraran ƙarafa a wuyanta, kowane ɗaya yana ɗaga sauti da rabin mataki, na goma sha biyu kuma yana daidai tsakiyar tsirkiya, inda sautin farko yake dawowa amma a sama. Garaya da gurmi da goge ba su da waɗannan ƙarafa. Wuyansu sumul yake, kunne ne yake gaya wa yatsa inda zai sauka, kuma makaɗi yana iya zamewa tsakanin sauti da sauti yadda muryar mutum take yi.

Littattafan koyon jita na Turai, da darussan bidiyo da suka gaje su, da haɗin sauti suke farawa. Ana nuna wa ɗan koyo yadda zai danne tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda da yatsun hagu, ya share su duka da hannun dama, su ba da amo ɗaya mai kauri. Kowane haɗi yana da suna da harafin boko, C ko G ko D. In ya iya uku ko huɗu, sai a ce ya koyi sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da kari ya yanke ba, abin da yakan ci makonni. A kwanakin farko kan yatsu yakan yi zafi kamar an taɓa garwashi, musamman in tsirkiyar ta ƙarfe ce, sai bayan 'yan makonni kanta ta fito zafin ya lafa. Sautin yakan fito a dushe saboda yatsa bai danne kusa da ƙarfen ba, ko ya taɓa tsirkiyar maƙwabciya. Daga nan sai a iso haɗin F, inda ake so manuni shi kaɗai ya kwanta a kan tsirkiyoyi duka ya danne su. A wannan gaɓa ce jita da yawa a duniya suke komawa bayan ƙofa su yi ƙura.

Ga ɗan ƙasar Hausa akwai ƙarin wahala a kan wannan. Bayan ya sha duk wannan azaba, abin da yake fitowa daga jitar ba shi ne abin da kunnensa ya nema ba. Yawancin kiɗan Hausa a kan sautuka biyar aka gina shi, kuma layi guda yake bi, yana hawa da sauka tare da karin harshe. Shi ya sa ake cewa garaya tana magana, mafarauci ya ji takensa a cikinta tsigar jikinsa ta tashi. Mai garaya yana barin tsirkiya ɗaya tana gunji a ƙasa, ɗayar tana faɗin magana, yana zagayawa a kan jimla guda yana yi mata ado. Ba ya sauya haɗin sauti, domin kiɗan nasa bai ginu a kan haka ba. Littafin Bature yana koya wa yaro ya raka waƙar da ba tasa ba, kuma ba abin mamaki ba ne in ya gaji.

Waɗanda suka warware wannan ƙulli a yankin Sahel ba da littafi suka warware shi ba. Ali Farka Touré na Niafunke a ƙasar Mali, wanda aka haifa a 1939, ya fito daga gidan da ba a gadon kiɗa, har ana ganin sa abin kunya. Yana yaro ya haɗa wa kansa ɗan abin kiɗa mai tsirkiya guda. A 1956 ya ga Fodeba Keita na Gini yana kaɗa jita, ya ƙudura zai iya, amma sai a 1968, a wata tafiya Bulgeriya, ya mallaki tasa. Abin da ya yi shi ne kwaso hannun da ya saba da shi a kan kayan gida ya ɗora a kan baƙuwar: babban yatsa yana riƙe da gunjin ƙasa, manuni yana faɗin magana a siraran tsirkiyoyi, yatsun hagu suna bugawa suna fizga domin su kwaikwayi kukan goge. In ɗaurin da Turawa suka tsara bai dace da waƙar ba, sai ya sauya shi. Ya mai da jita molo mai tsirkiya shida, duniya kuma ta ba shi kyautar Grammy tun yana raye, kafin rasuwarsa a 2006.

Iyakar da ta ratsa arewacin Mai'adua ba tsohuwa ba ce. A ƙarni na 19, bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Daura, reshensu da ya zauna a Zango da Baure ya kasance a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sai tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun da suka raba dangi gida biyu. Harshe ɗaya ne, aure da ciniki ba su yanke ba, amma gwamnatocin da suka biyo baya sun ɗauki kiɗa ta fuska daban. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa da yake zagaya manyan garuruwa, inda kowace jiha take zuwa da 'yan wasanta da makaɗanta. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai da sunan Elhaji Taya. Ma'anar wannan ga ɗan koyo a fili take. Jita da amsa-kuwwa na hukuma ne, ana taɓa su a gidan samariya da rana tsaka, kuma wanda ya ƙware sunan jiharsa yake ɗaukakawa. Hukuma ta tsaya a matsayin uban gidan da jita ba ta gada ba.

Daga wannan yanayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya fito. Ya ɗauki kari da taken bori ya ɗora su a kan jita da gangunan zamani, faifan da suka yi da Moussa Poussy ya fita a Landan a 1994, kaset ɗinsa kuma ya gangaro Katsina da Kano ya zama kiɗan biki da na tashar mota. Ya rasu a haɗarin mota a 2008. Masu saurare a wannan ɓangare sun yi rawa da kiɗansa iyakar rawa, amma rawar ba ta haifar da masu koyon jita ba.

Can arewa kuma, a tsakanin Abzinawa, wani abu ya faru da ya fi wannan zurfi. Su ma suna da tsarin gado mai tsauri: molonsu mai tsirkiya uku na maƙera ne, gogensu kuma mata ne suke kaɗa shi. Saurayi ɗan gidan sarauta ko na malamai ba shi da abin kiɗan da zai taɓa ba tare da ya zubar da girman gidansu ba. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi, ya watsa samari zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. A can suka sami jita, abin da ba na maƙera ba, ba na mata ba, ba na kowa ba. Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 a arewacin Mali, ya haɗa tasa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke, kuma wajen 1979 a Tamanrasat ya tara abokan da suka zama ƙungiyar Tinariwen. A Nijar, Abdallah ag Oumbadougou ya bi wannan sawu. Waƙoƙinsu na kewa da tawaye sun yi yawo a kaset daga hannu zuwa hannu, har hukumomi suka riƙa kallon jita kanta a matsayin alamar tawaye. Bombino na Agadas, wanda ya fara koyo yana yaro a gudun hijira a farkon shekarun 1990, ya sake tserewa zuwa Burkina Faso a tawayen 2007 bayan an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. Haka kuma Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a jihar Tawa, da jitar yayanta ta koya wa kanta, ta kuma kafa ƙungiyar mata da ta kai Turai da Amurka.

A daidai lokacin da wannan yake faruwa, Kano ta yi tsalle ta haye jita gaba ɗaya. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a 1990, kuma kafin ƙarshen shekarun nan fiyanon Yamaha ya zama shi ne ƙungiyar kiɗa sukutum, musamman bayan karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu a 1999. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Fiyano yana ɗauke da amon ganga da sarewa da goge a cikinsa, mutum ɗaya ya isa, mai fim kuma mutum ɗaya zai biya. Ba a ɗaure shi, tsirkiya ba ta tsinkewa, yatsa ba ya yin kanta. Wani abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne matsayi. Mai fiyano yana zaune a ɗaki a gaban na'ura, ya fi kama da ma'aikacin kwamfuta fiye da maroƙi, babu wanda ya gan shi rataye da abin kiɗa a ƙofar wani. Ɗan malam ko ɗan attajiri zai iya yin wannan aiki ya koma gida da mutuncinsa. Fiyano ma ba shi da gado, amma ya zo da kasuwarsa a hannu.

Hanyoyin nan biyu sun taɓa haɗuwa a ɗaki guda, a Sakkwato. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne daga gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Ya ga Abdallah ag Oumbadougou yana wasa, ya koma ya haɗa jita da katako da wayoyin birkin keke, ya koya a ɓoye, da hagu kuma yake kaɗawa. A 2008 ya ƙetaro Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a irin ɗakunan da ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Waƙoƙin suka bazu a wayoyin hannu ta Bluetooth daga Nijar har Mali da Muritaniya. Wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a wani faifai da ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Yau Mdou Moctar yana cikin masu jitar da ake ji da su a duniya. Ɗakin da ya fara ɗaukar sa na Hausawan Najeriya ne, amma masu ɗakin fiyano suka ci gaba da kaɗawa.

Asarar da ke cikin wannan ba ta jita ba ce, domin jita ba ta rasa masoya a duniya. Ta garaya ce da gurmi da kukuma. A Mali da arewacin Nijar, jita ta zama rumbun da aka juye tsofaffin karuruwa a ciki, yaran da ba za su taɓa molon maƙera ba suna kaɗa abin da molon yake faɗa. A wannan ɓangare, manyan masu tsirkiya sun tafi ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma amon gogen da ke cikin fiyano maɓalli ne kawai, ba ya zamewa tsakanin sautuka, ba ya faɗin taken kowa. Da wuya a nuna wanda ya zauna a gaban mai gurmi ya kwashe hannunsa ya mayar a kan tsirkiya shida, yadda Ali Farka ya yi da kayan kiɗan garinsu.

Saurayin Mai'adua na yau ya fi waɗancan duka kayan koyo. A wayarsa akwai manhajar da za ta gaya masa ko tsirkiya ta ɗauru daidai, akwai dubban darussa a YouTube, ko da yake yawancinsu da Turanci ko Faransanci ne, kuma da haɗin C da G suke farawa. Zai iya rage gudun bidiyon Bombino ya kalli inda yatsu suke sauka. Damagaram, inda zai fi saurin samun wanda zai zauna da shi ya gyara masa hannu, tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Matamaye, in iyaka tana buɗe. An rufe ta a Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Sauran matsalolin na nan inda suke. Zai nemi inda zai yi ta maimaita jimla guda ba tare da maƙwabta sun kai ƙara gidansu ba, zai kuma tanadi amsar da zai bayar ranar da dangin yarinyar da yake nema suka tambayi sana'arsa. Iskar hunturu tana busar da katakon jita har ya tsage, shi ya sa masu ita suke ajiye ta a cikin jaka nesa da rana. Siririyar tsirkiyar ƙasa ita ce take fara tsinkewa, kuma shagon da ake sayar da irinta ya fi yawa a manyan birane kamar Kano. Rumfar mai gyaran keke kuwa tana nan a kowace kasuwa, kuma wayar birki guda, in aka warware ta a hankali, takan ba da silli fiye da shida.